Firijin Motata da Tafiyar Hajiya

Akwai shekarar da dankalin turawa ya yi albarka a Farin Gada, inda nake dillancinsa, har kuɗi suka ɗan zauna mini a aljihu suka fara ba ni shawara. Mai hankali fili zai saya ko shago. Ni kuwa mota na sayo, irin wadda Turawa ke yawon shan iska da ita, mai gado a ciki da ɗan teburi da wurin girki da labule mai furanni. Tsohuwa ce tukuf. Ina jin ta girme ni, sai dai ta fi ni kyan jiki. Ranar da na shigo da ita layinmu a Dilimi, mutanen da suka fito kallo sun isa a ta da sallar Juma'a. Wani tela maƙwabcina ya leƙa ciki, ya taɓa katifar, ya ce, "Alhaji, nawa ne hayar ɗakin nan a shekara?" Tun daga ranar sunanta ya zama Gidan Haya.

Washegari na kai ta Kwararafa wurin abokina mai wayarin, wato mai gyaran wutar mota. Ibo ne, amma a Jos aka haife shi. Kakansa da kakana duk haƙar kuza ce ta kawo su garin, kuma tare muka buga ƙwallon tsumma muna yara. Ni ina ce masa Oga, shi yana ce mini Alhaji, kowa na zolayar ɗan'uwansa da sunan. Abin da ya kai ni wurinsa kowa ya san shi: in mota ta sauko daga Turai, kafin ta saba da titinmu sai an raba ta da kayan sanyi. A cire tamosta, wato ɗan murfin da ke riƙe ruwan inji har ya yi ɗumi. A haɗa fanka dairek ta riƙa juyawa tun daga murɗa makulli. A datse wayoyin hita, da duk wata waya da aka duba ba a ga inda ta dosa ba. Hujjarmu ita ce nan ƙasar zafi ce. Muna faɗin haka a tsakiyar Jos, kowa da rigar sanyi biyu, haƙora na haɗuwa. Oga ya yi aikinsa da filaya a hannu, ni kuma ina tsaye a kansa ina shan shayi ina ba da umarni.

Amma duk cikin kayan motar, firijin ne abin alfaharina. Ɗan ƙarami ne, a ƙarƙashin wurin girki, bai fi kwalin taliya ba. Da yamma in zuba masa ruwan leda da lemo, da safe in buɗe in ji su sun yi sanyi ƙarara. Duk wanda ya zo ganin mota sai na ba shi ya taɓa. Na ce wa mutanen kasuwa firijina yana daskarar da tafasasshen shayi kafin ka nemo cokali. Na ce musu wata rana ƙuda ya shiga bisa kuskure, da safe na same shi a sandare da fikafikai a buɗe. Fitilun cikin motar dai ba su taɓa kamawa ba, sai na ɗauka ƙwayayen ne suka ƙone, na ci gaba da haska wayata. Haka muka zauna ni da Gidan Haya, ba mu taɓa wuce Bukuru ba.

Sai bazara ta shigo, aka bugo waya daga wani ƙauye can ƙasar Haɗeja. Yayar mahaifiyata ce ba lafiya, wadda muke kira Inna. A Jos aka haife su su biyu, a barikin masu haƙar kuza, aure ya mayar da Inna can tun tana budurwa. Su kaɗai suka rage a ɗakinsu. Ɗanta ne ya kira, ya ce jikin ya yi nauyi, kuma ba ta da magana sai, "Ku ce wa ƙanwata ta zo in gan ta."

Hajiya, mahaifiyata, ba ta yi kuka ba. Tashi ta yi ta jawo jakarta ta Makka, ta zuba atamfa da zuma da man zafi, ta aje a bakin ƙofa, ta ɗauko mayafi ta zauna kusa da ita.

Matsalar ita ce Hajiya tana da ciwon suga, allura ake mata safe da yamma, kuma maganin ba ya shiri da zafi. In ya sha rana ya lalace, ba kuma za ka gane a ido ba, sai dai ka ga mutum ya faɗi. Ƙauyen Inna babu wuta, babu kemis, ƙanƙara ma sai labari. Zafin can kuwa a bazara, kaza in ta yi ƙwai dafaffe take yi. Ƙanwata nas ce, ita ke kula da Hajiya, kuma duk gidanmu ba wanda ke tsallake maganarta, har ni da na girme ta. Ta ce ƙanƙara a cikin kula, wato akwatin riƙe sanyi, ba za ta wuce yini ba, Hajiya kuwa in ta je ba ranar za ta juyo ba.

Na buga ƙirji. Na ce, "To ni mene ne amfanina? Ga asibiti sukutum a ƙofar gida. Gado, firiji, labule. Hajiya ta kwanta kawai, sai dai ta farka ta gan ta a gaban Inna."

Ƙanwata ta dube ni ta saman tabarau. "Yaya, ka taɓa jin firijin nan ya yi ƙara?"

"Na Turawa ne. Tarbiyya gare shi, ba ya surutu."

Ta ciro ma'aunin zafi daga jakarta, ta sa a cikin firijin ta rufe, muka shiga gida muka ci tuwo. Da muka fito ta duba. Sannan ta ɗora shi a kan dakalin ƙofar gida, a inuwa, muka ƙara jira. Ta sake dubawa, ta miƙo mini.

"Firijinka da dakalin nan duk ɗaya ne."

"Ma'aunin naki ne ya lalace. Taɓa ruwan nan ki ji."

"Yaya, je ka taɓa ruwan bokitin banɗaki ka ji. Jos ce ke sanyaya maka ruwa tun da ka sayi motar nan. Akwati kake buɗe wa mutane."

Na je na taɓa ruwan bokitin. Wallahi har ya ɗan fi na firijin sanyi. Na tsaya a tsakar gida da jiƙaƙƙen hannu ina tuna yawan manyan mutanen da na sa suka durƙusa suka taɓa leda suna cewa tubarkalla. Dukanmu 'yan Jos ne, ba wanda ya taɓa tambayar ruwa dalilin sanyinsa.

Daga cikin ɗaki Hajiya ta ce, "Babana, yau ne?" Haka take kirana, don sunan mahaifinta gare ni.

"Gobe, Hajiya, in Allah ya so. Ɗan gyara ne kaɗan."

Ko takalmi ban ɗaura daidai ba na ja motar sai Kwararafa. Oga ya saurare ni yana goge hannu da tsumma, sannan ya shiga ya ɗaga kujerar direba. Ashe akwai batir na biyu a ƙarƙashinta, ni ban taɓa sani ba, a kansa nake zaune ina cika baki. Ya yi fari da gishiri kamar an tono shi daga kabari.

"Alhaji, ka ga wahalarka. Motar nan batir biyu yake da shi. Na gaba na inji, wannan na ɗaki. Firiji da fitila duk nan suke cin abinci. Wannan kuma ya mutu tun kana saurayi."

Muka samo wani batir na hannu mai sauran ƙarfi, aka cika shi da caji a shagon mai caji, Oga ya ɗaura. Nan take fitilun ciki suka kama, firiji ya yi wata 'yar tari, ya fara gurnani a hankali kamar kyanwa. Ashe yana da murya. Na rungume Oga har da baƙin mansa. Na dawo gida ina danna oda tun daga bakin titi, na ce wa Hajiya ta kwana da shiri.

Ƙanwata ta ce a bar shi ya yini tukuna, kuma in yi ta yawo da motar kamar yadda zan yi a hanya. Na yi Farin Gada, na yi Terminus, na dawo, na sake fita, don zaman ma gagara ta ya yi. Kowace tsayawa sai na zagaya baya na kara kunne. Washegari kafin la'asar gurnanin ya fara ja da baya, fitilu suka koma ja kamar garwashi, sannan shiru. Sabon batirin ya ƙare tas, duk yawon da na sha ko ɗigon caji bai shige shi ba.

A daidai lokacin wayata ta yi ƙara. Ɗan Inna ne, ya hau tudun da suke samun sabis. Ya ce ta daina cin tuwo, sai kunu, shi ma cokali kaɗan. Ya ce ta tambaya ko mun taso. Na ce masa muna hanya. Ƙarya ce, amma a zuciyata na riga na wuce Bauchi.

Na koma wa Oga a guje. Ya sosa ƙeya ya ce, "Alhaji, tunda sauri kake, bari mu yi masa dairek." Duk mai wayarin a garin nan in abu ya gagare shi, dairek ne maganinsa. Ya ɗauko waya mai kaurin yatsa, ya haɗa batirin gaba da na ɗaki kai tsaye. Aka ta da inji, firiji ya ɗauki gurnani, fitilu suka haska kamar gidan biki. Na koma gida na ƙure masa sanyi, na cika shi da ruwa, na bar fitilun a kunne don 'yan layi su shaida. Duk wanda ya wuce sai na kira shi na buɗe masa, wannan karon da gaskiyata. Ƙanwata tana wurin aiki, na buga mata waya na ce an gama, da sassafe za mu tashi.

Da gari ya waye Hajiya ta riga kowa fita. Da kanta ta ja jakar, ta hau motar, ta zauna a bakin gadon da carbi a hannu. Na shiga na yi bismillah na murɗa makulli. Ƙyat. Na sake murɗawa. Ƙyat, ƙyat. Ko tari injin bai yi ba. Firiji da fitilu sun kwana suna shan batir biyun a kwano ɗaya, sun lashe har gindi.

Na fito na tara jama'a a tura. Ku sani Gidan Haya nauyinta ya kai na giwa mai ciki, layinmu kuma hawa ne ta ko'ina, ban san yadda aka yi ba, ko ta ina ka juya hawa ne. Masu shayi, masu faci, 'yan acaɓa, kowa ya sa kafaɗa. Tela ya fito da tef a wuya ya ce, "Alhaji, notis aka ba ka ne za ka tashi da gidan gaba ɗaya?" Muna cikin nishi sai ga ƙanwata ta sauko daga keke da kayan aiki a jikinta. Ta dubi masu turi, ta dube ni.

"A ƙauyen Inna wa zai tura maka? A cikin yashi? In ta mutu a can, firiji ya mutu, magani ya mutu. Sai me kuma, Yaya?"

Hajiya ta sauko a hankali, ta ƙi yarda kowa ya riƙe ta. Ta mayar da jakar bakin ƙofa, ta zauna inda take zama. Ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi. Cewa kawai ta yi, "Lokacin da muke bariki, ita ke goya ni zuwa rafi." Sai ta ci gaba da jan carbinta.

Ni mutum ne mai son dariya, ko a gidan makoki sai an harare ni. Amma ranar ko murmushi na nema na rasa. Muka ari batir aka ta da motar, na kai ta Kwararafa na ce wa Oga ya cire dairek ɗinsa, kuma daga ni har shi ba mai cin abinci sai an gano abin da Baturen da ya ƙera motar nan yake nufi.

Ya cire wayar. Ya bi igiyoyin batirin ɗaki da yatsa har ya kai ga wani ɗan baƙin akwati a gefen kujera, bai fi gidan ashana ba, da ƙafafu huɗu.

"Ka ga ɗan iskan. Rile ke nan. Mai gadi ne. In inji ya tashi, altaneta ya fara ba da caji, sai ya buɗe ƙofa wuta ya wuce zuwa batirin ɗaki. In ka kashe mota sai ya rufe, don kada firiji ya taɓa batirin inji. In yana aiki za ka ji ya yi ƙas. Ta da mota."

Na tayar. Muka kara kunnuwa mu biyu, kawunanmu na gware. Babu ƙas.

"Ya mutu," in ji Oga.

Na hau acaɓa na dawo Dilimi wurin masu kayan gyara, na bi shago shago da mataccen a tafin hannu kamar mai neman dangin gawa. Wani ya ce na tirela gare shi, wani ya ce in dawo jibi, wani ya rantse nasa daga jirgin sama aka ciro. Na samu mai kama da shi na koma. Oga ya soka, na ta da mota, muka kara kunne. Shiru. Na kashe na sake tayarwa. Shiru. Na ji kamar in ɗauki motar in jefa ta a tsohon ramin kuza.

Na kasa tsayawa wuri ɗaya. In zagaya motar, in zauna a benci, in miƙe, in duba waya ko an kira, in ji tsoron a kira ɗin. Mai ƙosai ta miƙo mini na karɓa na riƙe har ya huce ban sani ba. Oga ya ce, "Alhaji, abeg, don Allah zauna, kana sa ni jiri."

Ya ɗauko gulob ɗinsa na gwaji, ƙwan fitila ne da waya biyu, in ya taɓa inda wuta take sai ya kama. Inji na aiki ya fara bin ƙafafun rilen. Babbar ƙafar da ta zo daga batirin gaba, gulob ya kama. Babbar da ta tafi batirin ɗaki, duhu. Fis ɗin da ke tsakani lafiyarsa ƙalau. Saura ƙananan biyu: ɗaya a ɗaure take da ƙarfen mota, ɗayar kuma wata siririyar shuɗiyar waya ce ke shigarta. Ya taɓa shuɗiyar. Duhu.

"Hm," in ji shi. Ya jawo 'yar waya daga batir ya dangwala wa ƙafar da hannunsa. Ƙas! Ya ɗaga, ƙas. Ya ciro tsohon rilen daga aljihuna ya gwada shi haka nan. Ƙas! Ashe bawan Allah lafiyarsa lau, na yini ina yawo da shi ina ce masa matacce.

"Mai gadi yana nan a bakin ƙofa," in ji Oga. "Ba wanda ya zo ya gaya masa inji ya tashi. Shuɗin waya ɗin nan shi ne ɗan aike. Daga altaneta ya kamata ya taso. Wani wuri ya ɓace a hanya."

Muka shiga bin ta. Muka ɗaga kafet, muka kwance murfin gefen ƙofa, muka tarar da tsabar kuɗin Turai da busasshen cingam da gashin wani kare da ya mutu tun zamanin mulkin soja. Oga ya kwanta rigingine a ƙarƙashin sitiyari, ƙafafunsa a waje suna harbin iska. Wayar ta shige wani rami ta fita wajen inji. Ya ce in tsaya a ciki in riƙa jan ta a hankali, shi zai duba wadda ke motsi a ƙarƙashin bonet. Ina ja, ina ja, sai na ji ihunsa.

"Wane mahaukaci ne ya yanke wayar nan? Wane jaki? Alhaji, zo ka ga aikin ɓarayin tashar jirgin ruwa!"

Na zagayo. Ga shuɗiyar waya a datse, an lanƙwasa bakinta an cusa cikin wani dami na yankakkun wayoyi, an naɗe damin da jan salatif, an yi masa wani ƙulli mai kunne biyu. Duk Jos mutum ɗaya ne ke naɗe waya da jan salatif, saboda kulob ɗin ƙwallon da yake goyon baya. Muka tsaya muna kallon ƙullin. Oga ya yi tari.

Na ce, "Oga, ɓarayin tashar nan ashe kulob ɗinku ɗaya."

"Salatif kowa yana saya a kasuwa."

"Da ƙullin ma a kasuwa ake sayarwa?"

"To wa ya tsaya a kaina da kofin shayi yana cewa yanke, yanke, kada ka bar ko ɗaya, nan ba Jamus ba ne? Waya ya bi kusa da na hita, shuɗi ne, shuɗi kuma sanyi ne, me kake so in yi?"

Gaskiyarsa. Tun washegarin zuwan motar muka kashe firijin da hannunmu, muna raba mota da kayan sanyi, garin kuma ya rufa mana asiri. Da wani lokaci ne da mun yi dariya har mun faɗi. Amma wayata ta fara ƙara a aljihu, na ga lambar ɗan Inna, sai da na jingina da mota kafin na ɗauka. Ya ce tana nan, ta ɗan yi barci, ta farka tana tambayar ko an ji ƙarar mota.

Oga ya koma bakin bonet. Ya leƙa bayan altaneta ya samo ɗaya guntun, ɗan tsito, a maƙale kusa da wayar jar fitilar caji ta gaban direba. Ya yanko sabuwar waya, ya fere bakunan, ya murɗe, ya narka dalma a kai, ya naɗe. Da baƙin salatif, na lura. Ya mayar da tsohon rilen mazauninsa ya ce, "Tayar."

Na murɗa. Inji ya kama, jar fitilar caji ta mutu, sai daga gefen kujera na ji ƙas. Ƙaramar ƙara ce, kamar an karya tsinken ashana, amma ni a kunnena har Bauchi an ji ta. Oga ya taɓa gulob a batirin ɗaki, haske ya ƙaru. Na kashe mota, ƙas, mai gadi ya rufe ƙofa. Firiji ya ci gaba da gurnaninsa a batirin ɗaki shi kaɗai. Sai da muka yi ta tayarwa muna kashewa har maƙwabcinsa mai walda ya leƙo ya tambaya ko lafiya.

Na kira ƙanwata ina haki. Ta ce, "Ban yarda da gwajin Jos ba kuma. Garin nan ya yaudare mu sau ɗaya. Gobe da asuba mu tafi da Hajiya, maganin a kula da ƙanƙara, ma'auni a firiji. Zan raka ku har Bauchi. In ya yi a zafin can, ku wuce. In bai yi ba, mu juyo tare, kuma kai za ka gaya mata."

Muka tashi bayan sallar asuba. Hajiya ba ta kwanta a gadon ba, a zaune ta yi tafiyar, hannu ɗaya a kan jaka. Muna gangarowa daga tudu rigunan sanyi suka fara fita ɗaya bayan ɗaya. Kafin Bauchi iskar da ke shigowa ta taga ta koma kamar numfashin tanda. Gidan Haya ba ta san sauri ba, jaki mai niyya zai iya wuce ta, ni kuma ƙafata har ciwo take don danna totur. Duk ramin da muka faɗa sai na ce shi ke nan dalmar ta saki.

A Bauchi ƙanwata ta sa na faka a tsakiyar rana, ba inuwa, na kashe inji. Ta ce mu je mu ci abinci. Wane abinci? Na zauna a gaban shinkafa ina leƙen motar ta ƙofa kamar wanda ya bar jariri a ciki. Da ta ga dama ta miƙe, muka koma. Ƙarfen ƙofar har ƙuna yake. Ta durƙusa ta buɗe firiji, ta ciro ma'aunin, ta daɗe tana kallonsa. Sai ta buɗe kular, ta kwaso kwalaben maganin, ta jera su a cikin firijin ta rufe.

"Saura mota ta tashi," in ji ta.

Na murɗa makulli. Ta tashi tun kafin in gama bismillah. Ƙas.

Ƙanwata ta ja mini kunne: in ta da inji safe da yamma ya yi aiki sosai, in faka a inuwa, kada in buɗe wa kowa firiji don burga. Ta rungume Hajiya, ta sauka ta nufi tasha. Hajiya ta ce, "Babana, mu je mana."

Rana ta yi ja muka shiga ƙauyen, tayoyi na nutsewa a yashi. Tun kafin in gama tsayawa Hajiya ta buɗe ƙofa. Matar da sai an riƙe ta take hawa dakali, ita ce ta tsallaka zaure ta bar ni a baya da jaka. Inna tana kwance a tabarma a ƙarƙashin rumfa, ta rame har ban gane ta ba. Hajiya ta durƙusa ta kama hannunta. Inna ta buɗe ido, ta daɗe tana dubanta.

"Ke ce kika tsufa haka?"

"Yaya, ke fa kin ga kanki?"

Suka yi dariya su biyu, irin wadda hawaye ke biyo ta. Na juya ina gyara hular da ba ta karkace ba. Can Inna ta ce maƙogwaronta ya bushe, ruwan randa kuma ɗumi gare shi. Na tuna kashedin ƙanwata, na ce wannan ai ba burga ba ce. Na je na buɗe firiji da sauri na zaro leda ɗaya, aka juye a kofi, Hajiya ta tallafo kanta. Ta kurɓa kaɗan, ta tsaya, ta ƙara kurɓa.

"Wannan ruwan Jos ne," in ji ta. "Irin na rafin bariki."

Mun daɗe a can fiye da yadda muka yi niyya. Hajiya ke ba ta kunu, su kwana suna hirar mutanen da duk sun rasu. Ni aikina safe da yamma in je gindin tsamiyar da na faka, in murɗa makulli, in sunkuya gefen kujera in saurara. Inna ta rasu bayan ruwan farko ya sauka, Hajiya na zaune a gefenta.

Duk kwanakin nan, in na hau tudun sabis, saƙon farko da ke shigowa na Oga ne. Ba sallama, ba tambayar mai jiki, sai dai, "Alhaji, ya yi ƙas?"